A-kori-kurar da Na Zaɓa a Kwatano

Tun da na dawo, duk inda na zauna sai an ce, "Bukar, yaya Kwatano?" A teburin mai shayi an tambaye ni, a ƙofar masallaci bayan an taso Juma'a an tambaye ni, har mai keke napep ɗin da ke kai 'ya'yana makaranta sai da ya tambaya. Kullum amsata ɗaya ce: "Lafiya lau, gari ne mai kyau." Ba ƙarya nake yi ba, amma ba shi ne labarin ba. Yau zan faɗe shi tun daga farko, wanda ya ji rabi a bakin wasu ya ji sauran a bakina.

Sana'ata wanke gilasan gine-gine. Duk wanda ya san Lafiya a yanzu ya ga yadda bankuna da otal-otal da shagunan waya suka koma gilashi tun daga ƙasa har sama. Shekara shida ina wannan aiki tare da Terfa, ɗan ƙabilar Tibi daga wajen Obi. Kafin mu haɗu ya daɗe yana tuƙa motar doya zuwa Kudu, har ya gaji da titi. Shi ke hawa tsani, don ni da na wuce bene ɗaya jiri ke ɗiba ta. Ni nake nemo aiki, in riƙe masa tsani, in yi magana da manajoji.

Matsalarmu ruwa ce. Ruwan rijiyoyin cikin gari idan ya bushe a gilashi sai ya bar farin tabo. Akwai wata rijiyar burtsatse a Kwandare da ruwanta ba ya barin komai, to daga can muke ɗauko jarkoki a keke napep, wani lokaci sawu uku a rana. Ranar da ruwa ya ƙare mana da tsakar rana a wani otal, manaja ya ce kada mu dawo, ranar na yanke shawara. Na sayar da rabona na gonar gado, na ce wa Terfa ya shirya, za mu Kwatano mu sayo a-kori-kura, mu ɗora mata tankin ruwa.

Bayan sallar asuba muka bar Lafiya, muka sauya mota a Abuja. A kujerar gabanmu akwai wata dattijuwa 'yar kasuwa, Mama Asabe, wadda ke saro atamfa a Kwatano tun muna 'yan firamare. Da ta ji inda za mu, sai ta juyo ta ƙare mana kallo.

"'Ya'yana, kun taɓa ƙetare iyaka?"

Muka ce a'a.

"To ku biyo ni a baya. Kada ku miƙa wa kowa takardarku sai wanda ke zaune a bayan tebur. Wanda ya tare ku a tsaye yana murmushi, ku gaishe shi ku wuce."

A Lokoja muka ci soyayyen kifi, ƙaya ta tsaya mini a wuya har Okene, Terfa yana ba ni ayaba yana dariya. Da yamma muka sauka a unguwar Sabo ta Ibadan, a wani masauki mai ɗakuna kamar akwatin ashana. Abincin da muka samu amala ce, wannan baƙin tuwo na garin doya, da miya mai yauƙi. Ni na ci na ƙoshi. Terfa kuwa ya daɗe yana juya kwanon.

"Malam Bukar, ka ce doya ne wannan? Doya mai kyau, an shanya shi, an mayar da shi baƙi. Idan mamana ya ga wannan, zai yi kuka."

Haka Hausarsa take, kowa "ya" ne a wurinsa. Amma ya cinye, har ya nemi ƙari.

Washegari muka ratsa Ikko, muka kama hanyar Badagiri. Ban taɓa ganin shingaye da yawa a titi ɗaya kamar na wannan hanya ba. Mota ba ta gama ɗaukar gudu ba sai ta tsaya. A Seme, bakin iyaka, hayaniya ta fi ta kasuwar Lafiya ranar jajibirin Sallah: mata masu canji da damin kuɗin sefa a cinya, masu dako, masu jan hannu. Wani mai murmushi ya riƙe jakata yana ce mini ɗan'uwa, sai Mama Asabe ta daka masa tsawa da Yarbanci, ya saki. An duba katin rigakafinmu, an buga hatimi, ma'aikacin can ɓangaren ya rubuta sunana da wasu haruffa da ni kaina ban gane shi ba. Daga nan Mama Asabe ta sa mu a tasi, ta faɗa wa direba gidan da zai kai mu a unguwar Zango, ta yi mana addu'a ta wuce sabgarta. Ban sake ganin ta ba.

Mai masaukinmu Alhaji Musa, Bazabarme ne, ya tsufa a Kwatano. Hausarsa ta Nijar ce, Faransanci kuwa kamar a bakinsa aka ƙirƙire shi. Ya ba mu ɗaki mai tabarma biyu da fanka, ya ce wa Terfa akwai coci a layi na uku idan Lahadi ta same mu.

Abubuwan garin da suka ba ni mamaki suna da yawa. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa na yanka dasashi, kuma a tsaga shi a cusa masa taliya da kifin gwangwani a ce karin kumallo ne. Fetur a manyan kwalaben gilashi ake sayarwa a bakin titi, ba a jarka ba kamar namu. Da rana ta take sai ka ga an ja ƙofofin ofisoshi, kowa ya tafi cin abinci, ba mai sauraron ka sai wajen ƙarfe uku. A Lafiya wa zai rufe shago kwastoma na tsaye? 'Yan acaɓarsu kuma duk riga ɗaya suke sawa, ruwan ɗorawa mai lamba a baya. Terfa bai sani ba, ya sa rigarsa ta ƙwallo ruwan ɗorawa, ya tsaya kusa da wani babur yana jira na. Ina fitowa na tarar wata mata mai jiki ta haye babur ɗin da kwandonta, tana zazzaga masa Faransanci, shi kuma yana ta cewa, "Madam, abeg, ba nawa ba ne!" Alhaji Musa ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Wannan ita ce dariya ta ƙarshe da muka yi tare da Terfa a tafiyar.

A hanyarmu ta zuwa kasuwar motoci Terfa ya hango wasu suna wanke gilasan wani bene mai hawa uku, ba tsani, sai doguwar sanda mai burushi a kai, ruwa na bi ta cikinta. Ya matsa sai mun tsaya. Mai aikin mace ce, Madam Akwabi, gajera mai takalmin roba. Alhaji Musa ya yi mana tafinta. Da ta ji sana'armu ɗaya, ta ja mu bayan motarta. Tsohuwar a-kori-kura ce, fenti duk ya kwaile. Tankinta shimfiɗaɗɗe ne kamar katifa, an manna shi da bayan kan mota, an ɗaure shi da noti har jikin ƙarfen ƙasa. Lita ɗari huɗu kawai yake ci. Ta buɗe murfin ta ce mu leƙa. A ciki akwai bangaye biyu masu ƙananan ramuka, sun raba shi gida uku.

Na tambayi amfanin bangayen. Ta ɗauko gorar ruwa mai rabi, ta kwantar da ita a tafin hannuna, ta ɗan tura hannun. Ruwan ya ruga gefe guda, gorar ta faɗi ƙasa.

Alhaji Musa ya ce, "Ta ce tanki cike ba ya faɗa da direba. Mai rabi shi ke faɗa. Bangayen nan su ke riƙe ruwan."

Terfa ya ɗauki hoton tankin ta kowane gefe, har ya auna shi da taƙi. Ni kuwa na yi godiya, muna fita na ce, "Lita ɗari huɗu? Ashe mu koma sawu uku ke nan. Ni dubu nake so, a cika sau ɗaya a wuni ana aiki."

Kasuwar motocin fili ne na yashi, ido ba ya ganin ƙarshensa. Dillalinmu wani siririn mutum ne, Razaki, mai Hausa da karin Yarbanci. Kwana biyu muna yawo a rana, a ƙarshe motoci biyu suka rage. Ɗaya fara ce, kujerar gaba kaɗai gare ta, bayanta dogo, ƙofarta ta lotsa, ciki na warin man dizal. Ɗayar baƙa ce wuluk mai ƙofa huɗu, kujerun fata, na'urar sanyi, amma bayanta gajere. Kuɗinsu kusan ɗaya.

Terfa ya kwanta a yashi ya shiga ƙarƙashin kowacce. Ya ƙirga sifirin ɗin baya, ya karanta ƙaramin ƙarfen da ke jikin ƙofa inda aka rubuta nauyin da mota ke ɗauka. Ya miƙe yana kakkaɓe wando.

"Malam Bukar, farin nan za mu ɗauka."

"Wannan mai kama da motar kwasar shara?"

"Shi ne motar aiki. Baƙin nan, mutum biyar aka yi shi ya ɗauka, ba ruwa ba. Ka san jarkan da muke ɗagawa mu biyu mu sa a keke? Tanki na lita dubu, jarka arba'in ne. Ka sa jarka arba'in a wannan ɗan bayan, nauyi zai zauna bayan taya, gaba zai ɗaga."

Razaki ya buɗe baƙar, ya kunna sanyi, ya ce, "Alhaji, zauna ka ji." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma na zauna. Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba ita ce, a cikin wannan sanyin ba tanki nake tunani ba. Maigadin banki nake gani yana buɗe mini babbar ƙofa maimakon ya ce in zagaya ta baya. Surukaina nake gani. 'Yan'uwana da suka ce na yi wauta da na sayar da gona nake gani suna leƙa kujerun fata.

Terfa ya sunkuyo ta taga. "Na yi shekara goma ina ɗaukar lodi. Doya ma da ba ya motsi, na ga ya kayar da mota. Balle ruwa. Abeg, ka ji magana na."

Razaki da wasu dillalai biyu suna tsaye suna murmushi. Sai na ji kamar yarona ne ke koya mini a gaban mutane. Na ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Terfa, gonar ubana na sayar, ba ta ubanka ba."

Ya janye kansa daga tagar a hankali. Bai ɓata fuska ba. Ya ce, "Gaskiya ne, Oga."

Shekara shida bai taɓa kira na Oga ba. Daga ranar kuma bai sake kira na da wani suna ba.

Alhaji Musa ya ji labarin da muka koma. Bayan la'asar ya kira ni gefe ya ce, "Ɗana, mota taka ce, ka sayi wadda ranka ke so. Amma waccan kalma ka je ka ɗauke ta tun ba ta kwana ba." Na ce to. Ban je ba. Na ce a raina idan muka kama hanya zai huce.

Takardun mota sun ci mana kwana biyu a bakin iyaka, muna zaune a benci muna cin gasasshiyar ayaba da gyaɗa. Aka gama komai daidai, muka shigo. A Ibadan na hango inda ake sayar da tankunan roba, irin baƙaƙen nan masu tsayi da ake ɗorawa a saman gida. Na zaɓi mai lita dubu. Da aka zo ɗorawa, ƙasansa ya ƙi shiga tsakanin tudun tayoyin baya, sai da aka jera katakai aka ɗora shi a kai, ya ƙara tsayi, murfin bayan motar ma bai rufu ba. Terfa ya dube shi, ya dube ni. Ina jiran ya yi magana don in samu ƙofar ba shi haƙuri. Ya karɓi bel huɗu ya ɗaure tankin tamau, ɗauri irin na wanda ya san aikinsa.

Da yake tankin babu komai a ciki, motar tafiya take kamar a kan ruwa. A Lokoja masu kifi suka kira ni Alhaji. A kowane shinge sai an ce, "Sabuwa ce? Allah ya sa alheri." Ina jin daɗi, ina satar kallon Terfa ko zai yarda cewa na yi zaɓe. Shi dai in na gaji ya karɓi tuƙi, in na tambaye shi abu ya ce, "E, Oga," ko "A'a, Oga." A Akwanga na saya mana gasasshiyar masara. Maganar ban haƙuri ta zo har bakina. Sai wayata ta yi ƙara, wani manajan otal ne yana so mu zo washegari da ƙarfe tara, na shiga ciniki, na bar ta ta wuce.

Mun shigo Lafiya da rana tsaka. 'Ya'yana suka cika kujerar baya suna tsalle, maƙwabta suka fito, matata ta yi guɗa. Mutane da yawa a nan suke zaton labarin ya ƙare. Ni a wurina tafiyar ba ta ƙare ba sai a hanyar Kwandare.

Da safe muka je rijiyar burtsatsen. Ruwa ya ɗan wuce rabin tanki sai janareta ya mutu, mai wurin ya ce sai an nemo makanike. Bayan motar ya riga ya zauna, gaban ya ɗaga kamar mai kallon sama. Terfa ya zagaya ta sau biyu.

"Oga, mu rage ruwan ya dawo kaɗan. Rabi ɗin nan ba shi da kyau."

Na duba agogo, tara saura kwata. Na ce ba za mu zubar da ruwa ba, kuma ba za mu makara a aikin farko ba.

"To ba ni makulli."

Da na ba shi, wataƙila da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma ina so manaja ya gan ni a bayan sitiyari. Na ce ya shiga kawai. Ya shiga, ya sauke gilashi, ya ɗora hannunsa na dama a kan taga.

Tun daga tashi na ji abin da Madam Akwabi ta nuna mini. In na taka birki, bayan daƙiƙa ɗaya sai wani abu ya tunkuɗo motar daga baya. Sitiyari ya yi sakayau a hannuna. Duk da haka ban rage gudu yadda ya kamata ba. A wata kwana, wani keke napep da ke gabanmu ya tsaya cak don ɗaukar mata masu itace. Na taka birki na kauce hagu, na dawo dama. Motar ta dawo, amma ruwan bai dawo tare da ita ba. Na ji tayoyin gefena sun bar ƙasa. A hankali abin ya faru, har na ji Terfa ya ce, "Yesu." Muka kwanta a gefen dama, cikin kwalbati.

Ni ko ƙwarzane ban yi ba. Na fito ta taga na ga tankin ya fashe, ruwan Kwandare na bin titi. Matan masu itace da mai keken su suka taimaka muka jawo Terfa. Hannunsa motar ta danne, ya karye a wuri biyu, kafaɗar ma ta goce. A cikin keken da muka kai shi asibiti yana cije leɓe, gumi na zuba, abin da ya tambaye ni shi ne, "Ba mu taɓa matan ba, ko?"

An yi masa aiki, an sa ƙarfe. Ya warke, amma hannun ba ya wuce kafaɗa. Wanda ba ya iya ɗaga hannu sama ba ya wanke gilashi, ba ya hawa tsani. Da aka sallame shi, matarsa ta kwashe kayansu suka koma gidansu a Obi.

Motar an gyara ta, tana nan, kuna ganin ta. Na kai wa mai walda hotunan da Terfa ya ɗauka, ya ƙera mini shimfiɗaɗɗen tanki mai bangaye a ciki, lita ɗari uku da hamsin, iyakar abin da bayanta zai ɗauka ke nan. Sawu uku nake yi zuwa Kwandare, kamar lokacin keke napep. Na sayi doguwar sandar nan mai burushi, tunda ba ni da mai hawa tsani. Duk wanda ke son shiga wannan sana'a ya zo ya same ni, zan nuna masa: a fara sanin nauyin ruwa, sannan a nemi motar da za ta ɗauke shi. Ni ta baya na faro.

Bayan wata biyu na je Obi. Na tarar da shi a gindin mangwaro, ƙannensa na shirin fita gona. Matarsa ta ajiye mini ruwa ba ta dube ni ba. Na zauna a benci kusa da shi, na faɗi duk abin da ya kamata in faɗa tun a Kwatano. Na ce maganar da na yi a gaban dillalai ba ta da kyau, mahaifinsa bai yi mini komai ba. Na ce shi ke da gaskiya a kan mota, a kan tanki, a kan makulli. Ya saurare ni har na gama, yana murza gwiwar hannun da ɗayan hannunsa.

"Ya wuce," ya ce. "Allah ya riga ya rubuta."

Na ce ya dawo. Ba sai ya taɓa burushi ba, ya riƙe tuƙi da lissafin lodi, mu raba riba biyu kamar da. Na ce ɗakinsu na Lafiya ma na yi magana da mai gida, ba a ba kowa ba.

Ya daɗe yana kallon ƙannensa suna ɗaura garemani a bayan babur. Sannan ya ce, "Bari mu gama kaftun doya tukuna. In mun gama, zan kira ka."

Ya sa aka kawo mini sakwara da miyar agushi, ya zauna har na cinye, ya rako ni bakin titi. Bai kalli motar ba.

An gama kaftu. An shuka doyar, ta yi yabanya, ta nuna, an haƙe ta. Ranar kasuwa na ga irinta jibge a Lafiya. Wayata kullum a kunne take, har yau bai kira ba.